Kunyar Suruka da Sikelin Sista Alheri

Shekara goma sha ɗaya na yi da aure, uwar mijina ba ta taɓa ganin loma ta shiga bakina ba. Ba wai faɗa muke yi ba. A gidanmu haka aka rene mu, a gidansu kuwa abin ya fi tsanani, don mutanen karkarar Miga ne, ga jinin Fulani a jika. Suruka ba ta ci a gaban suruka. In Iya ta zo wurinmu sai in kai mata kwano in fice, in ni na je sai ta ajiye mini kwano ta shige maƙwabta. Da haka muka zauna lafiya har ana ba da misali da mu a dangi.

Sunana Zaituna. Ina cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Kano aka zube a Dutse lokacin da aka ƙirƙiro Jigawa, ni da tafiretata, mijina Yahuza da motar ma'aikatar gona da yake tuƙawa. Gidan haya a Dutse a lokacin sai mai rabo. Ɗaki ɗaya da 'yar rumfa muka samu, muka ce na wata shida ne kafin a samu babba. Shekara tara muka yi a cikin wata shidan nan, mu da 'yarmu Bilki.

Ta yatsu ciwon ya fara. In na taɓa ruwan randa sai su yi fari fat, su koma shuɗi, su yi ta zugi. Fatar hannuna ta ɗame tana sheƙi kamar fatar kalangu, har tafireta ta gagare ni. Daga nan ya hau fuska. Matan ofis suka riƙa tambayata wane mai nake shafawa da ba ni da tamoji ko ɗaya, ni kuwa ina ji bakina yana tsukewa. Ni da ake cewa bakina ya fi tafiretata gudu, sai ga shi babban cokali ba ya shiga, sai ƙaramin na shayi.

Bayan na sha maganin sanyi, na sha na sammu, na sha rubutu ya fi tulu, sai aka tura ni wurin wani likita a Kano. Ya faɗi sunan ciwon da Turanci, suna mai tsawon da ban taɓa buga irinsa ba, sannan ya ce mu kira shi ciwon taurin fata. Ya ce yadda fata ta yi tauri a waje, haka hanyar abinci ta yi a ciki, tun daga maƙogwaro har hanji. Shi ya sa loma take tsaya mini a ƙirji, ƙwannafi yake ƙona ni, ciki yake kumbura kamar na ci wake alhali ban ci komai ba. Ba ya warkewa, in ji shi, amma ana lallaɓa shi a zauna tare.

Ya ba ni magani, ya kuma ba ni dokoki. In ci kaɗan-kaɗan sau bakwai a yini, abu mai laushi mai maiƙo: kunun gyaɗa da madara, fate, ƙwai, kindirmo, ɗan man shanu. Ban da yaji, ban da sauri. In na ci kada in kwanta sai an jima, a kuma sa bulo a ɗaga kan gado. Ya juya wurin Yahuza ya ce, "In tana ci, a samu wani kusa da ita, don tana iya ƙwarewa." Sannan ya ja jan layi a katina. Kilo arba'in da biyu. In na sauka ƙasa da haka, za a kwantar da ni a Kano a zura mini roba ta hanci, ta nan za a riƙa ɗura mini abinci.

Na ga wata mata da robar nan a ɗakin jira, kuma tun daga ranar ba abin da nake tsoro kamarta. Ga Bilki tana aji uku, in aka kwantar da ni wa zai yi mata kitso, wa zai kwatar mata fensirinta a hannun 'ya'yan maƙwabta? Saboda haka na riƙe dokokin nan kamar farilla. Duk mako biyu nakan je asibitin Dutse in hau sikelin Sista Alheri, wata nas Bahaushiya Kirista mai faɗin kafaɗa da faɗin gaskiya. Wata huɗu ina kan arba'in da shida, har tana cewa ni ce ɗalibarta ta ɗaya.

Sai Iya ta ji labari.

Da damina ne, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Tsohuwar nan ta bar gonarta ana tsakiyar noma, ta hau a-kori-kura daga Miga da ƙullin kaya, da buhun gyaɗa, da kwalbar man shanu, da zabi biyu a ɗaure, ta ce jinya ta zo. Wallahi na ji daɗi har na yi hawaye. Ban san Yahuza ya tare ta a tasha ya yi mata bayanin likita ba. Cikin duk dokokin nan guda ɗaya ta zauna masa a ka, ita ya miƙa mata: kada a bar ni ni kaɗai in ina cin abinci.

Washegari da safe ta dama kunun gyaɗa irin wanda ƙamshinsa ke tsayar da mai wucewa. Ta kawo ta ajiye a gabana.

"Ga ɗan kunu nan, uwar Bilki."

"Sannunku da aiki, Iya. Allah ya ƙara girma."

Na jira ta fita. Sai ta jawo tabarma, ta shimfiɗa a bakin gado, ta zauna ta ciro carbi. Na dubi kunu, kunu ya dube ni.

"Ko ya yi zafi ne?"

"Bari dai ya ɗan huce, Iya."

Ya huce. Ya yi sanyi. Ya yi fata a sama, ƙudaje suka zo suka yi masa zaman makoki. Iya tana nan, idonta a ƙasa, carbi yana tafiya.

Mai karatu zai ce, to ki sha mana, ciwo ai ya ɗauke kunya. Na sani. Na gaya wa kaina haka ya fi sau ɗari. Amma in na ɗaga cokali sai hannun ya tsaya a hanya, kamar wanda aka ce ya tuɓe a kasuwa. Kuma ba cin mutanen kirki nake yi ba a lokacin: sai na karkata kai, na tura cokali ta gefen baki, wani ya zubo a haɓa, na haɗiya da ƙara kamar ana zuba ruwa a tulu. Wannan ne zan yi a gaban matar da shekara goma sha ɗaya ko goro ban tauna a gabanta ba?

Dabara ta zo mini da azahar. Iya na tayar da kabbara na rarumi cokali. Raka'a huɗu, in ta yi su a natse, cokali tara nake samu. La'asar tara, magariba shida, asuba kuwa ba ta da wani amfani. Ragowar sai in juye a wani kwano mai murfi da na ɓoye a ƙarƙashin gado, don kada ta ga an raina mata girki. Tana sallamewa sai ta ga kwano wayam, ta ce, "Madalla, Allah ya sa ya zauna." Yahuza in ya dawo da yamma shi yake yi wa kwanon ƙarƙashin gado sutura.

Amma ciwon nan ba ya son sauri, ni kuma tsere nake yi da mai salla. Rana ta huɗu, tana raka'a ta uku, kunu ya bi ta inda ba a aike shi ba. Na ƙware, na hau tari ido ya fito. Iya ta sallame a tsaye, ta zo tana bubbuga mini baya tana salati. Daga ranar ta daina jan doguwar sura. Ƙulhuwa ce sama, Ƙulhuwa ce ƙasa, ruku'u kamar ana korar ta. Cokalina tara ya koma huɗu.

Ita ma fa ba ci take yi ba. Ba za ta ci a gabana ba, ba za ta fita ta bar ni da abinci ba, kuma bisa dokar likita sau bakwai a yini akwai abinci a ɗakin. In na ce, "Iya, ga naku can a rumfa," sai ta ce, "Na taɓa ɗazu." Goro ne abin da ta taɓa. Kwanonta shi ma hannun Yahuza yake faɗawa, wai kada a yi almubazzaranci.

Wata safiya na tare shi yana goge gilashin mota.

"Baban Bilki, ka yi wa Allah ka ce wa Iya ta riƙa ɗan fita in an kawo abinci."

Ya saki tsumma. "Ni? In ce wa Iya ta fita? Ni fa ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗa. Tun da aka haife ni ba mu yi magana mai tsawon wannan da ita ba."

"A tasha ai ka yi."

"Wannan saƙon likita ne. Ki yi haƙuri, kwana biyu ne za ta koma."

Na dubi mutumin nan da kyau. Maɓallin rigarsa ta aiki yana neman tsinkewa, kumatu sun fito, wuya ya yi gammo. Mata biyu suna bushewa a ɗaki, shi yana tsakiya yana sheƙi kamar ragon layya. Na so in yi masa tas, to bakin ba ya buɗuwa yadda masifa ke bukata.

Awon farko bayan zuwan Iya, allurar sikeli ta tsaya a arba'in da uku da rabi. Sista Alheri ta sauke tabarau ta dube ni.

"Zaituna, ina kika kai mini kilo biyu da rabi?"

"Damina ce, Sista."

"Damina ciyawa take ƙara wa ƙiba. Ki dawo nan da mako biyu, in kin taɓa jan layin nan da hannuna zan rubuta takardar Kano."

Mako biyun nan suka wuce yadda na baya suka wuce. Zanina da nake ɗaurawa sau ɗaya ya koma zagaye ɗaya da rabi. Abin da ya rufa mini asiri hijabi ne. A shekarar kowace mace a Dutse ta ɗinka har ƙasa, ni kuwa nawa ba na cire shi ko a ɗaki, saboda sanyin yatsu da kuma ganin idon Iya. A cikin hijabin nan ko taɓarya ce a tsaye ba mai ganewa.

Ranar awo da safe na ga ɗan dutsen niƙan Iya a gindin rumfa, wanda ta taho da shi daga Miga don ta ce injin markaɗe yana kashe ɗanɗanon gyaɗa. Shaiɗan ya ce mini ga kilo uku a zaune ba mai su. Na naɗe shi a ɗankwali na ɗaure a ƙugu, na saki hijabi. Iya ta fito tana dube-dube, ta ɗaga turmi, ta leƙa bayan randa.

"Uwar Bilki, ba ki ga ɗan dutsen nan ba?"

"Ko maƙwabta sun ara, Iya."

"Mutanen birni," in ji ta, "har dutse." Sannan ta yafa mayafi ta ce yau da ita za a je, tana son ta ga matar da ke auna mutane kamar buhun gero. Yahuza ya kai mu a motar ma'aikata.

Na hau sikeli ina tafiya a hankali kamar mai tsohon ciki. Allura ta yi rawa ta tsaya a arba'in da biyar. Iya ta ce, "Alhamdulillahi." Yahuza daga bakin ƙofa ya ce, "Ai na faɗa." Sista Alheri ta gyara tabarau. Ta dubi allura, ta dubi idanuna da suka faɗa rami. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

"Malam, ɗan ba mu wuri," ta ce da Yahuza, ta tura ƙofa. Ta ciro tef irin na tela daga aljihu. "Sikeli nauyi kawai ya sani, bai san tsoka ba. Ɗaga hijabin in auna damtse."

"Sista, ai sikeli ya riga ya..."

"Ɗaga."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ɗaga hannu sama, ƙugun da ba shi da abin riƙe ɗankwali ya saki, dutse ya sulale ya daki siminti, ya gangara, bai tsaya ko'ina ba sai gaban ƙafar Iya. Iya ta sunkuya ta ɗauke shi, ta share shi da gefen mayafi.

"Ashe nan ka zo," ta ce da shi.

Sista Alheri ta kama dariya har tana riƙe tebur. Amma da ta yaye hijabin gaba ɗaya, dariyar ta tsaya. Damtsena bai fi muciya ba. Ƙasusuwan wuya sun fito, ciki ne kawai a kumbure. Iya ba ta taɓa ganina haka ba. Ta kawar da kai ta dubi bango.

Aka sake awo ba dutse. Arba'in da biyu cif, allura tana kan jan layi.

"Me kike ci a yini?" in ji Sista. Na dubi ƙasa. Ta juya wurin Iya. "Iya, me kuke ba ta?"

"Kunu, fate, ƙwai. Sau bakwai. Kuma tana cinyewa, kwano wayam nake ɗauka."

"Kuna gani tana ci?"

Iya ta hau murza dutsen da ke hannunta.

"Ina kuke zama in an kawo abincin?"

"A gabanta. Yaron nan ya ce likita ya ce kada a bar ta."

Sista Alheri ta dube ni, ta dubi Iya, ta dafe kai. Ita ma tana da suruka, ba sai an yi mata fassara ba. "Iya, don Allah ku hau nan." Iya ta hau tana cewa ita lafiyarta ƙalau. Ba mu san nauyinta na da ba, amma awarwaron da ya shekara ashirin bai wuce wuyan hannunta ba, ranar har gwiwar hannu yake zamewa. Sista ta buɗe ƙofa ta kira Yahuza ta ce shi ma ya hau. Allura ta yi tsalle kamar an tsikare ta.

"To ga kilon nan," in ji Sista. "Ba su ɓata ba, gida ɗaya suka koma."

Ta ɗauko takardar Kano ta ajiye a tebur, ta ɗora biro a kai. Na fashe da kuka, irin kukan da ba ya fita sosai don baki ya ƙi buɗuwa. Na ce ta taimake ni, ba na son robar nan, ba na son barin Bilki.

"Mako ɗaya," ta ce. "Ni ban iya raba ku da al'adarku ba, kuma dokar likita tana nan, ba za ta ci ita kaɗai ba. Ku je ku san yadda za ku yi."

Muka shiga mota. Iya na rungume da dutsenta a cinya. Ni kuwa ina lissafin cewa yanzu za ta ɗaure kayanta ta koma Miga da baƙin cikin na mayar da girkinta ƙarƙashin gado, kuma da ta yi hakan ban ga laifinta ba.

Muna isa ta hura wuta. Na ji ƙarar niƙa a rumfa. Can sai ga ta da kwano biyu, ba ɗaya ba. Ta ajiye ɗaya a kan tabarma ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Sauko nan. Dubi bangon can."

Na sauko na fuskanci bango. Sai na ji ta zagaya ta zauna a bayana, ta juya ta fuskanci ƙofa, ta jingina bayanta da nawa. Bayan tsohuwa mai noma, da ɗumi kamar ɗakin da aka yi girki.

"Ban gan ki ba, ba ki gan ni ba," in ji ta. "In kin ƙware zan ji a jikina."

Na riƙe cokali, hannu ya tsaya a hanya kamar kullum. Sai na ji wani irin zuƙa daga bayana, fuuut, mai ƙarfi, irin shan kunun da ake dukan yara a kansa. Iya ce. Matar da ko tari ba ta yi a gaban mutane, ta kafa kai a kwano tana zuƙa da gangan, tana haɗiya da ƙara, don kada a ji tawa. Dariya ta taso mini, kuka ya taso, na rasa wanda zan fara. Na kai cokali baki.

Awa guda na yi a kan kwanon nan, ba mai kora ta. Da na ajiye cokali sai bayanta ya ɗan tura nawa.

"Da saura. Na ji ƙarar kwanon."

Na ƙarasa. Na yunƙura zan koma gado, ta ce, "Zauna. An ce kada ki kwanta." Muka zauna a haka, tana ba ƙofa labarin yadda zabinta suka shiga gonar mai unguwa, ni ina ba bango amsa. A yinin nan muka yi hirar da ba mu yi ba a shekara goma sha ɗaya.

Da mako ya cika allura ta tsaya a arba'in da biyu da rabi. Sista Alheri ta laluba ƙuguna da kanta kafin ta yarda, sannan ta mayar da takardar Kano cikin aljihun tebur. Bayan wata biyu na kai arba'in da biyar. Yahuza ya yi ta ƙorafin cewa abincin gidan ya ragu.

Iya ba ta koma Miga ba sai don girbi, ta dawo. Shekara huɗu muna ci a haka, sau bakwai a yini, har maƙwabta suka daina leƙe. Ciwon yana nan, yatsuna sun lanƙwashe, robar nan dai ba ta taɓa shiga hancina ba. Ranar da Allah ya karɓi Iya, mata a wurin zaman makoki suna yabona, wai ga surukar da har aka rabu ba ta taɓa ci a gaban uwar mijinta ba. Na ce musu gaskiya ne.

Yanzu in an kawo kunu, da bango nake jingina. Yana riƙe ni a zaune yadda likita yake so, amma sanyi gare shi, kuma in na ajiye cokali da saura a kwano ba ya cewa komai.